Na Ba Shi, Ko Ban Ba Shi Ba?

Yayarta ce ta laƙaba mata Farfela tun tana ƙarama, wai kanta ba ya daina juyawa, sunan kuma ya bi ta har gidan rediyon da take aiki. A can babu mai ganin aibunsa. Ita ke gabatar da shirin hantsi da masu sauraro ke bugo waya, kuma in jar fitilar fara shiri ta kama babu kamarta. Tana sauraron mai waya, tana karanta abin da furodusa ya ɗaga mata ta bayan gilashi, tana tuna maganar da wani ya yi tun farkon shiri ta ɗaura ta a kan ta yanzu. Da an kashe fitilar kuwa sai ta shiga neman jakarta ofis ofis.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, ita ma Malam take ce masa kamar kowa. 'Yarsu ɗaya ce, tana makarantar kwana. Duk tsawon zamansu Farfela ba ta taɓa tsayawa ta lura da yawan abin da mutumin nan yake riƙe mata ba. Shi ke sa wayarta a caji, shi ke bi bayanta ya kashe gas, shi ke ɗora makullin mota a kan takalminta don kada ta fita ta bar shi. In akwai ganin likita ko taron iyaye, da safe zai faɗa mata cikin hira kamar ba komai ba. Bai taɓa yi mata gori ba. Iyakarsa ya yi murmushi ya ce wata rana za ta manta da shi a kasuwa.

Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi hannunsa na dama ya ƙi bin umarninsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Makonnin da ya yi a asibiti kowa ya yaba mata. Ta san sunan kowace nas, ta san inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da inda ake karɓo sakamako, tana gudu sama da ƙasa ba gajiya. Ita dama haka take, in abu ya kama da wuta nan hankalinta ke tattaruwa.

Da aka sallame shi aka miƙa mata leda cike da magunguna. Nas ta ɗaga na hawan jini ta ce waɗannan da safe ne, sau ɗaya, kada a tsallake, kada kuma a ninka. Farfela ta gyaɗa kai. Abu ne da yaro ma zai iya.

Daga nan gida ya fara kuɓuce mata. Ta ɗora buta a wuta ta shiga gyara wa Malam matashi, sai ƙaurin roba ya dawo da ita. Ranar gashin ƙashi ta wuce, sai da mai gashin ya bugo yana tambayar ko lafiya. Ta sayi ɗan akwatin maganin nan mai gidajen kwanakin mako, ta cika shi sau ɗaya cike da alfahari, da ya ƙare ba ta sake tunawa da shi ba. Ta sa ƙararrawa a waya. In ta buga sai ta kashe ta, ta miƙe da niyyar ɗauko magani, a hanya ta ga wanki a kan kujera, ta kai shi bayi, a bayi ta ga famfo na ɗiga, ta ɗauko waya za ta kira mai gyara, ta tarar da saƙon furodusa. Can sai ta tsinci kanta tsaye a tsakar falo ba ta san abin da ya tashe ta ba. Wata rana ta yi ta neman maganin har da kuka, ƙarshe a firij ta gan shi kusa da tumatir.

Ranar ce ta tuna da Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu. Gwaggo ma da haka ta fara, da ajiye takalmi a tukunya ana dariya, ta ƙare ba ta gane 'ya'yan da ta haifa. Farfela ta tsaya gaban firij a buɗe, sanyi na dukan ƙafafunta. Ba ta faɗa wa kowa ba. In ƙanwar Malam, wadda suke kira Auta, ta zo zama da shi da safe, sai ta tarbe ta da fara'a da surutu, ta ture ƙonanniyar tukunya ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Ranar da abin ya faru ta makara. Ta shirya tsaf, ta rataya jaka, sai ta ga kwalin maganin a hannunta. Ga kofi a kan tebur da ruwa rabi. Na yau ne, ko na jiya? Ta duba gurbin ƙwayoyin, amma da yake wani lokaci daga sama take ɓalla, wani lokaci daga ƙasa, bai gaya mata komai ba.

"Malam, na ba ka na safe?"

Ya dube ta ya ce, "E."

"Ko ban ba ka ba?"

"E," ya sake cewa, yana murza goshi da hannunsa mai lafiya. A lokacin e da a'a suna cakuɗe masa, ya san abin da yake nufi amma bakin sai ya fitar da wani.

Waya na ta ruri a jaka, furodusa ne. Ta tuna gargaɗin likita cewa in jinin ya sake hawa, shanyewar ta biyu ta fi ta farko muni. Ta ɓalla ƙwayoyin ta ba shi, ya ɗan kau da kai, ta lallashe shi ya haɗiye. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Auta, suka gaisa a tsaitsaye.

Shiri ya yi nisa, wani mai waya yana ta bayani a kan cunkoson motoci, sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya kamar an kunna mata hoto. Ta ga kanta da sassafe, waya maƙale a kafaɗa tana magana da Yaya, tana sa masa ƙwayoyin a baki, tana goge masa ruwan da ya gangaro haɓarsa da gefen mayafinta. Yau ne. Wannan mayafin ne a jikinta. Ta taɓa gefensa.

Mai wayar ya yi ta sallama yana tambayar ko ana jin sa. Furodusa ya ɗaga hannu ta bayan gilashi. Farfela ta buɗe baki, a karo na farko a rayuwar aikinta babu abin da ya fito. Ta zare abin kunne ta ajiye, ta fice, aka saki kiɗa a bayanta.

A matakala ta kira Auta, ba a ɗaga ba. Ta sake kira a mota, makulli ya kuɓuce mata ya faɗi ƙasan kujera. A kira na gaba Auta ta ɗaga, muryarta a sama, ta ce Yaya Malam ya miƙe zai shiga bayi ya zube, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, gumi na keto masa, maƙwabta sun taimaka an sa shi a mota.

Ba ta san yadda ta kai asibitin ba. Ta same shi a ɗakin gaggawa, an ɗage ƙafafunsa sama, an sa masa ƙarin ruwa, gefen girarsa a fashe. Likitan da ke kansa yana tambayar Auta me ya sha da safe, Auta na cewa ita ba ta nan. Farfela ta matso. Ta dubi likitan ta faɗa.

"Sau biyu na ba shi, likita. Duka na safen."

Likitan bai ɗaga murya ba. Ya tambayi sunayen magungunan da tazarar da ke tsakani, ya juya ya ba nas umarni. Daga baya ya ce jinin ne ya sauka sosai, an yi sa'a bai bugu a kai sosai ba, za su riƙe shi su ga yadda zai kwana. Ya ƙara da cewa irin wannan kuskure yana faruwa ga masu jinya. Ba ta ji wannan ba. Auta take kallo, wadda ta kafa wa tayil ido.

Da za a sallame shi Auta ta ja ta gefe. Cikin ladabi ta yi maganar, kuma wannan ya fi yi wa Farfela ciwo fiye da a ce zagin ta ta yi.

"Anti, ga aiki ga jinya, abin ya yi miki yawa. Bari ya ɗan zauna a wurina, ki huta. In ya ƙara ƙarfi sai ya dawo."

Farfela ta amince. Ita da kanta ta haɗa masa kaya, ta manta da sandarsa, sai da direban da ya kai su ya dawo ya ɗauka.

Ta ɗauki hutu a wurin aiki. Gidan ya yi mata faɗi. Ta daina kunna gas kwata-kwata, sai burodi da ruwan roba. In ta kulle ƙofa ta kai bakin titi sai ta dawo ta murɗa, ta tafi, ta sake dawowa. Takan zauna da rana tsaka tana gwada kanta: sunan shugaban tasharsu, sunayen 'yan ajinsu na firamare, abin da ta ci jiya. Duk wanda ya ɗan yi mata gardama sai zuciyarta ta hau bugu. Ta fara tunanin wa zai riƙe 'yarta, wa zai gaya mata cewa uban ba ya iya magana, uwar kuma ba ta san ta ba.

Ranar da suka kai Malam a sake duba shi, ta bi likitansa har baranda ta tare shi. Ta ce tana jin ƙwaƙwalwarta ce ke mutuwa, akwai abin a danginsu. Ya dube ta da kyau, ya ce ba a yanke irin wannan hukunci a baranda, ya tura ta wurin wata likitar ƙwaƙwalwa a bene na sama. Ranar farko da aka ba ta ba ta je ba, ita kanta ba za ta iya rantsuwa ko mantuwa ce ko tsoro ba. A karo na biyu tun kafin a buɗe ofishin tana zaune a kan benci, jaka rungume a ƙirji, tana kallon masu shigowa tana neman alamar Gwaggo a fuskokinsu.

Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, maganarta a hankali. Ba ta gama da ita a rana ɗaya ba. Ta fara tura ta gwajin jini, ta ce ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro kan jawo mantuwa, gara a fitar da su daga lissafi. Ta tambaye ta barci, da cin abinci, da al'adarta, da ko takan ji rayuwa ta fita daga ranta. Ta faɗa mata wasu kalmomi ta ce ta riƙe, ta sa ta zana agogo, ta sa ta ƙirga da baya. Tsakiyar ƙirgar wani ya wuce da keken marasa lafiya mai ƙara, Farfela ta bi shi da kunne, lissafin ya tsinke. Amma da aka tambaye ta kalmomin nan, duka ta kawo su, har da yadda likitar ta ja harafin ƙarshe na ɗaya daga ciki.

Sai likitar ta tambayi yaushe abin ya fara. Farfela ta ce tun ciwon Malam. Likitar ta ce to kafin ciwon, wa ke tuna kashe gas? Ta ce Malam. Ranakun asibiti fa? Malam. Kafin ta yi aure fa? Ta ce a gidan Yaya ta zauna lokacin karatu, Yaya ke tashin ta, Yaya ke bin ta da katin jarrabawa har bakin ƙofa. Likitar ta ce tana son ganin wannan Yayar, ko wani da ya san ta tun kafin ta balaga.

Yaya tela ce, mace mai tsari da kaifin baki. Ta shigo ofishin da shirin kare ƙanwarta. Tun kafin ta zauna ta ce lafiyar yarinyar nan ƙalau, sakaci ne kawai irin nata, kuma da shi aka haife ta. Likitar ta ce to a ba ta labarin sakacin. Yaya ta gyara zama. Ta ce in aka aike ta sayen sabulu sai ta dawo da labarin faɗan da aka yi a hanya, ba sabulu. Takalmin makaranta kuwa ƙafa ɗaya ɗaya suke dawowa gida. Malamai kullum maganarsu ɗaya, ga ƙwaƙwalwa amma hankali ba ya aji. Likitar ta tambaya ko tana tashi tana yawo a aji. Yaya ta ce ina, ta fi kowa zama, sai dai bakin ɗankwalinta duk ta warware zarensa da yatsu, in kuma ta sami littafin da ya yi mata daɗi ko gobara ake ba za ta ji ba. Surutu kuwa, kafin ka rufe baki ta ƙarasa maka maganarka.

Tana faɗa tana dariya. Ta kawo labarin ranar da Farfela ta bar ƙaninsu a shagon aski ta dawo gida ita kaɗai, da irin dukan da ta sha a hannun mahaifiyarsu. A nan dariyar ta tsaya mata. Ta waiga ta dubi ƙanwarta, ta ga tana warware zaren bakin mayafinta, hawaye na zuba.

"Shekararta nawa a lokacin?" likitar ta tambaya.

"Ba ta fi tara ba," in ji Yaya, muryarta ta yi ƙasa. "Mu duk mun ɗauka iskanci ne."

Sai a zuwa na gaba, bayan sakamakon jini ya fito, likitar ta faɗi abin da ta gani. Farfela ta zauna a gefen kujera kamar mai jiran hukuncin kotu. Likitar ta ce ba ta ga alamar ciwon Gwaggo ba. Wancan yakan zo ne daga baya ya yi ta cin abin da mutum ya sani, nata kuwa tun yarinta yake tare da ita, kuma abu yana shiga kanta ya zauna matuƙar hankalinta na wurin lokacin da ya faru. Matsalar wurin tsayar da hankalin take. Ta ce sunan abin ADHD, yanayi ne da ake tasowa da shi. A wurin 'yan mata sau da yawa ba a gane shi, don ba sa hawa tebur su dami malami, sai dai a ce musu sakarkaru ko masu mafarki, su kuma su koyi ɓoyewa. Wasu sai sun girma, ranar da abin da ke tallafe da su ya janye, sannan ya fito fili. Ta ƙara da cewa fargaba da rashin barci sun ƙara dagula nata, su ma za a kula da su.

Farfela ta ɗauka za ta ji sanyi a ranta. Ta ɗan ji, amma tsoron bai tafi ba, wuri kawai ya sauya.

"To likita, ke nan ba za a iya ba ni amanarsa ba? Na kusa kashe shi."

"Ba za a bar maganinsa a kan tunawarki ke kaɗai ba," in ji likitar. "Ko ni ban yarda a bar shi a kan tawa ba. Amma wannan daban, a ce ba za ki iya riƙe mijinki ba daban."

Suka tsara yadda za a yi. Mai kantin magani zai riƙa haɗa na kowace safiya a ƙulli guda da ranarsa a jiki, in ƙullin ranar babu, to an sha. Ba za ta ba shi tana kan waya ba, ba kuma za ta ba shi a tsaye ba. Akwai wata ma'aikaciya a asibitin da za ta riƙa zama da ita suna duba inda al'amuran gida ke zube mata. Maganinta ita kanta kuwa, likitar ta ce sai an auna zuciyarta da jininta tukuna, kuma ba lallai na farko ya karɓe ta ba.

Daga asibitin gidan Auta ta wuce. Ta sami Malam a baranda yana matsa ƙwallon roba da hannunsa na dama, maganarsa ta ɗan sake. Auta ta kawo ruwa ta tsaya daga bakin ƙofa, Farfela ta ce ta zauna, ita ma ya kamata ta ji. Ta yi musu bayani, tana tsalle daga nan zuwa can, tana komawa baya ta ɗauko abin da ta bari. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya daɗe yana haɗa kalmomin a bakinsa.

"Ana... warkewa?"

"Ta ce ba a warkewa. Sai dai a koyi zama da shi."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ya nuna kansa da ƙwallon, ya nuna ta. "Mun... zama biyu."

Auta ta yi dariya tana share ido, amma ba ta ce ya koma ranar ba, Farfela kuma ba ta roƙa ba. Sai da aka yi wasu makonni tana zuwa gidan Auta kowace safiya, tana zama a gabansa ta ɓalle ƙullin ranar, Auta na kallo daga kicin kamar ba kallo take ba.

Maganin farko da aka ba ta ya hana ta cin abinci, ya sa zuciyarta gudu, ta koma wurin likitar a firgice, aka rage shi, daga baya aka sauya wani. Da shi ta fara iya jin magana har ƙarshenta, ko da yake kaya ba su daina kwana a injin wanki ba. Ta koma aiki, furodusa bai tambaye ta komai ba, ya dai ce masu sauraro sun dame shi da neman ta.

Malam ya dawo gida kafin 'yarsu ta zo hutu. Har yanzu akwai safiyar da Farfela kan kai bakin titi gabanta ya faɗi, ko ta ba shi maganin daidai, ta tsayar da mota ta bugo gida. Malam yakan daɗe kafin ya lalubo wayar da hannun hagu, ita kuwa tana riƙe da sitiyari tana sauraron ƙarar kiran, numfashinta a tsaye, har sai ta ji muryarsa.